An Ajiye Gwaggo a Sito

Ranar da masu awo suka shigo unguwarmu, da gwangwanin jan fenti suka zo. Suka bi ta bayan gidaje suna jan igiyar awo, duk bangon da ya faɗa cikin hanyar sabon layin wuta sai su dangwala masa alama. Tsohon layin da ya ratsa ta bayanmu ya daɗe da yi wa garin kaɗan. Gidaje sun ƙaru, injinan niƙa da shagunan walda sun ƙaru, wuta sai ta leƙo ta koma. Kamfanin ya ce zai tuge tsofaffin turakun ya kafa manya na ƙarfe, ya ja wayoyi masu kauri, kuma ba za a bar gini ko ɗaya a ƙarƙashinsu ba. Wanda aka rushe wa, za a biya shi diyya.

A gidanmu sito kaɗai fentin ya taɓa. Wani ɗan ɗaki ne a can ƙarshen gida, bayan banɗaki, inda ake jibge tsofaffin tayoyin Baba na lokacin da yake tuƙin babbar mota, da karyayyun kujeru, da buhunan gawayi. Ba a taɓa ja masa wuta ba. Tagarsa bulo ɗaya ne aka cire aka toshe da raga.

Da yamma Baba Ƙarami ya zo. Ƙanin Baba ne, dillalin filaye, mutumin da ko gaisuwa yake yi sai ka ji kamar ciniki ake. Ya zagaya siton, ya ƙwanƙwasa bangon, ya dawo tsakar gida ya ja kujera kusa da Baba. Ina wanke-wanke a gefe. A gidanmu an saba magana a gabana kamar a gaban randa.

"Yaya, ka san yadda mutanen nan suke lissafi? Sito daban, ɗakin kwana daban. Su leƙa su ga tayoyi, abin da za su ba mu ko bulo ba zai saya ba. Amma su ga gado, su ga mutum a kai, magana ta canza. Kuma a ƙa'idarsu katafila ba ta taɓa ginin da ake kwana a ciki sai an daidaita da masu shi."

"To wa zai kwana a sito?" in ji Baba.

"Wa ya ce kwana? Wuni ɗaya ne. Su zo, su gani, su rubuta, su tafi." Ya rage murya, ya nuna ɗakin Gwaggo da haɓa. "Mai lafiya za su ce ya tashi ya koma wani ɗakin. Amma tsohuwa mara lafiya, wa zai iya buɗe baki?"

Baba ya dubi ƙasa ya ce, "Wuni ɗaya fa."

Gwaggo ita ce babbar yayarsu. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, ta dawo gidan mahaifinsu. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke mata hannu da ƙafar hagu, amma ta bar mata bakinta. Ɗakinta yana kusa da ƙofar gida, tagarsa na kallon titi. Daga kan gado take gaisawa da masu wucewa, ta san wanda ya sayi sabon babur, ta san wadda tela ya ɓata wa ɗinki.

Da safe aka kwashe tayoyin aka zube su a tsakar gida, Mama ta yayyafa ruwa don baƙin gawayi ya kwanta. Baba da Baba Ƙarami suka ɗauko Gwaggo a kan katifarta.

"Auta, ina za ku da ni?" ta tambayi Baba Ƙarami. "Ko miji kuka samo mini ba ku faɗa ba?"

"Shan iska za ki yi, Yaya Babba."

"A bayan banɗaki? Lallai iskar ta musamman ce." Ta juyo da ido wajen Baba. "Direba, riƙe da kyau. Ni ba kayan lodi ba ce."

Aka yi dariya, har da Mama. Aka shigo da gadonta da akwatinta, aka rataya labule. Baba Ƙarami ya buga ƙusa ya rataya kalanda, sannan ya lakato toka ya shafa wa kan ƙusar don kada ta yi ƙyalli.

Masu duba ba su zo ranar ba. Da Mama ta ce a mayar da Gwaggo kafin magariba, Baba Ƙarami ya ce, "A ɗauke ta yau a dawo da ita gobe, ai wahalar da ita ne. Jikinta ba ya son jijjiga." Washegari ma ba su zo ba. Aka shiga wani mako ba su zo ba.

Ranar da aka ce lallai suna tafe, Baba Ƙarami ya durƙusa a bakin gadon Gwaggo yana koya mata magana.

"Idan sun tambaye ki, nan ne ɗakinki tun tuni."

"Tun yaushe ke nan? Ni da tayoyin muke kwana?"

"Yaya Babba, don Allah ki bar wasa. Gidan nan gadonmu ne mu uku. Abin da ya shigo har da rabonki."

Wadda ta zo matashiya ce, jami'ar kamfanin, da hular kwano a kanta da takalma masu nauyi. Ta yi sallama, ta sunkuya ta shiga, ta gaishe da Gwaggo cikin ladabi.

"Sannu Mai Hular Kwano," in ji Gwaggo. "Ke ma turken kike hawa?"

"A'a Mama, ni da mutane nake aiki. Kin daɗe a ɗakin nan?"

"Ta daɗe," Baba Ƙarami ya karɓe. "Ba ta iya doguwar magana, ciwon ya taɓa mata harshe. Kuma likita ya ce kada a motsa ta."

Na ga idon Gwaggo ya tsaya a kansa. Bakinta ya motsa, sannan ta rufe shi. Bayan sun tafi, ina gyara mata matashi ta ce, "Malama Shiru, yau na karɓe miki sarauta." Haka take kirana tun ina ƙarama. Ta yi ajiyar zuciya. "Ni na goya su duka biyun. Ba zan tona musu asiri a gaban baƙuwa ba. Yanzu dai an gama, ki ce su zo su mayar da ni."

Ba a gama ba. Kamfanin ya amince ɗakin kwana ne, ya faɗi abin da zai biya, Baba ya ce alhamdulillahi. Baba Ƙarami ya yi dariya har da buga cinya.

"Yaya, wa ya taɓa karɓar tayin farko? Ba ka ga yadda yarinyar nan ta rikice da ta ga mara lafiya ba? Aikinsu ba zai wuce ba sai ta kanmu. Su suke sauri, ba mu ba."

Maƙwabta suka sa hannu ɗaya bayan ɗaya. Katafila ta zo ta kwashe bayan gidan mai gyaran rediyo, ta kwashe ɗakunan hayar da ke kusa da shi, ta ture katangar da ta raba mu da su. Sito ya rage shi kaɗai a tsakiyar ɓaraguzai, da jan fentinsa a goshi. Kusa da shi aka fara haƙa ramukan da ƙafafun sabon turke za su zauna, kowane rami mota za ta iya shigewa. Tun da safe injin haƙa yake farawa, sai injin kwaɓa kankare, sai janareto, sai ƙarar yankan rodi. Kofin da ke kan akwatin Gwaggo yana ta rawa shi kaɗai har ya faɗo.

Da farko ta mai da abin wasa. Takan ce wa Mama, wadda har yau take kira Amarya, "Amarya, ki daina kawo mini rediyo, ga makaɗa an ɗauko mini kyauta." Leburori suna cin abinci a inuwar bangon, ta cikin ragar take tsokanarsu. Akwai wanda kullum yake waya da budurwarsa, ta ce masa, "Kai mai rodi, ƙarya kake yi mata, ba kai ne injiniya ba." Suka kwashe da dariya, suna cewa ashe akwai mutum a ciki.

Sannan wata rana muka ji ana fasa bango ta wajen ƙofar gida. Na fita na tarar da magini yana buɗe wa ɗakin Gwaggo ƙofa ta titi, ya riga ya toshe ta ciki da bulo. Baba Ƙarami ya ba wa masu jan waya hayar ɗakin, su ajiye kayan aikinsu, masu gadinsu su kwana.

Ban taɓa jin Mama ta ɗaga wa Baba murya ba sai ranar.

"Maigida, ɗakinta ne fa! Ina za ta koma?"

"Na ɗan lokaci ne. Aikin yana ƙarewa za su tashi."

"Ita ma wuni ɗaya aka ce."

"Ɗaki yana zaune babu kowa, a bar shi haka nan?" in ji Baba Ƙarami. "Maganinta da me ake saye? Ku mata ba ku san yadda ake riƙe gida ba. Idan diyya ta fito, sabon ɗaki za a gina mata, da silin, da fanka."

Ba wanda ya gaya wa Gwaggo. Ita ta tambaya, don ta ji bugun guduma daga inda ta san ɗakinta yake. Mama ta ce gyara ake yi. Gwaggo ta kalle ta ta ce, "Amarya, shekara nawa muna tare, har yau ba ki iya ƙarya ba."

Damina ta sauka. Ramukan suka cika da ruwa, ƙasar da aka tono ta tare hanyar da ruwa ya saba bi, ya dawo yana kwanciya a gindin siton. Bangon ya jiƙe har tsayin gwiwa, ya yi baƙi, ya fara wari. Kwanon rufin dama tsoho ne. Muka jera robobi da tukwane a ƙasa, muka shimfiɗa leda a kan bargonta. Duk inda muka ja gadon, akwai ɗigon da yake jiransa. Sauro ya samu gida a ramukan. Kafin in kawo mata shayi daga kicin in ratsa taɓon bayan banɗaki, ya huce.

Tari ya fara. Da farko busasshe, daga baya ya sauka ƙirji. Bayanta ya fara ƙuna saboda katifar ba ta bushewa. Mai kemis ya zo ya duba ta, ya ce sanyi ne ya shige ta, magani ba zai yi aiki ba matuƙar tana kwance a cikin danshin nan. Baba Ƙarami ya raka shi ƙofa yana cewa, "Ai kusan an gama, kwana kaɗan ya rage."

Matar Baba Ƙarami ta zo dubiya da lemo a leda. Ta tsaya daga bakin ƙofa tana tattare zanenta kada ya taɓa taɓo.

"Wallahi nan ya fi miki, Gwaggo. Can bakin titi hayaniyar yara kawai. Kuma tari ai na kowa ne a daminar nan, ni ma jiya ban runtsa ba."

Injin kankare yana ruri a bayanta, sai da ta maimaita maganar da ƙarfi. Gwaggo ba ta amsa ba. Wannan ne karo na farko da na ga an ba ta ƙofar tsokana ta ƙi shiga.

Turken ya fara tashi. Kullum sai a ƙara masa hawa, mutane suna maƙale a sama da igiya a ƙugu, suna ɗaure ƙarfe da ƙarfe. Inuwarsa ta fara faɗowa kan siton tun kafin la'asar. Jami'ar ta dawo, ita kaɗai a wannan karon. Ta shiga ta ga robobin, ta taɓa bangon, ta saurari numfashin Gwaggo. Da ta fito fuskarta ta canza.

"Baba, ku mayar da ita cikin gida yau," ta ce wa Baba. "An riga an ɗauki wurin nan a matsayin ɗakin kwana tun zuwanmu na farko. Ko tana ciki ko ba ta ciki, wannan ba zai canza ba. Maganar ƙari kuwa a ofis ake yin ta, ba a kan gadon mara lafiya ba. Ga motarmu a waje, in kun yarda yanzu a kai ta asibiti."

Baba ya buɗe baki, Baba Ƙarami ya riga shi.

"Mun gode, ranki ya daɗe. Za mu yi shawara."

Tana fita ya juyo yana murmushi. "Ka ji dabara? Motarsu ta fita da ita ta gaba, katafilarsu ta shigo ta baya. Kafin mu dawo daga asibiti sai fili. Sannan mu je ofis mu yi ciniki a kan me? Na shekara nawa ina harkar ƙasa, yarinya za ta yi mini wayo?"

"Baba Ƙarami," na ce, "ta ce ba zai canza ba."

Ya dube ni kamar randar ce ta yi magana. "Ke ma kin fara? Karatun jami'a daban, harkar ƙasa daban. Je ki taya uwarki aiki."

Da yammacin ranar Baba ya shiga gaishe da Gwaggo. Ya rage shiga tun da tarin ya tsananta. Yakan tsaya daga waje ya ce ya jiki, ya wuce. Ina zaune a ƙarshen gadon ina shafa mata mai a ƙafa.

"Direba, zauna."

Ya zauna a kan akwati.

"Na ji abin da yarinyar nan ta ce. Kunnena bai shanye ba." Ta tsaya ta yi tari, ta huta. "Rabon nan da kuke cewa nawa, na bar muku. Ga shaida nan, 'yarka ta ji. Ba na son silin, ba na son fanka. Ka mayar da ni cikin mutane. Ko a kicin ne ka shimfiɗa mini."

"Yaya Babba, saura ƙiris. Manyansu za su zo da kansu. Auta ya ce da zarar sun gan ki..."

"Sun gan ni." Ta rufe ido. "Har yaushe na zama abin nunawa?"

"Ba haka ba ne. Da kuɗin za a kai ki babban asibiti. Don ke ake yi."

"To," ta ce. "Allah ya ba da sa'a."

Ya tashi yana murza hularsa ya fita. Daga ranar ba ta sake roƙon kowa ba. Abinci sai Mama ta yi ta lallashi kafin ta karɓi cokali biyu. Mai rodi ya leƙo ta raga ya ce, "Mama, yau ba za ki zage ni ba?" Ta ɗaga masa hannunta mai lafiya kawai.

Mama ta yanke shawara ita kaɗai. Ta share ɗakinmu, ta ce ni da ita za mu ɗauko Gwaggo idan maza sun fita. Muka gwada. Da muka ɗaga ta sai ta yi ƙara, gyambon bayanta ya manne da zanen gado, numfashinta ya sarƙe. Ba mu iya ratsa taɓon da ita ba. Muka mayar da ita, Mama tana kuka tana ba ta haƙuri. Da Baba Ƙarami ya ji labari ya ce, "Kun gani? Ba na ce jikinta ba ya son motsi ba? Ku kashe ta ku ce ni ne."

Aka aiko cewa manyan kamfanin za su zo da safe, su duba da idonsu, a rufe magana, domin an kusa fara jan waya kuma siton ne kaɗai ya rage a hanya. Baba Ƙarami ya iso tun da sassafe cikin sabbin kaya. Ya sa aka kwashe robobin, aka canza zanen gado, aka kunna turare.

Gwaggo tana numfashi da ƙyar, kamar ana jan tsumma a cikin ƙirjinta. Leɓɓanta sun bushe. Mama ta tallafo kanta tana ɗiga mata ruwa.

"A kira mota," in ji Mama. "Maigida, ka dube ta."

"Suna hanya," in ji Baba Ƙarami. "Suna tafiya, da kaina zan kai ta." Ya juyo gare ni. "Ke, yi maza ki kira mai kemis ya zo ya yi mata allura."

Na tafi da gudu. Shagon a rufe, na bi shi gida, aka ce ya fita sayo kaya, na tsaya jiransa har rana ta ɗaga, bai dawo ba. Da na komo na tarar da motoci biyu a ƙofar gida. A bayan gida wasu maza masu hular kwano suna tsaye nesa kaɗan, jami'ar tana bakin ƙofar sito, Baba Ƙarami ya ɗaga mata labule da hannu ɗaya.

"A hankali," yake cewa ƙasa-ƙasa. "Yanzu ta samu barci. Jiya ba ta runtsa ba."

Gwaggo tana kwance ta fuskanci bango, an ja mata bargo har kunne. Jami'ar ta leƙa, ta ja da baya a kan yatsun ƙafa, ta yi wa abokan aikinta alama su rage murya. Ɗaya daga cikinsu ya aika a kashe injin kankare. Babbansu ya leƙa shi ma, ya girgiza kai, ya ce a yi abin da ya dace a wuce wurin, bai kamata baiwar Allah nan ta ƙara kwana a nan ba. Suka koma ƙofar gida da Baba Ƙarami. Baba yana biye da su kamar wanda aka ɗaure wa igiya a wuya.

Na shiga na ce, "Gwaggo, ban same shi ba." Na kama hannunta. Ya yi sanyi. Na zagaya na dubi fuskarta, an riga an rufe mata ido.

Na samu Mama a kicin, a durƙushe bayan ƙofa, ta cusa bakin mayafinta a baki tana cizo.

"Kina fita ta cika," ta ce da ƙyar. "A hannuna. Na fara salati ƙanin babanki ya toshe mini baki. Ya ce ba mai kuka, ba mai faɗa wa kowa, sai sun zo sun tafi. Ya ce wadda ta rasu ta riga ta rasu, kada wahalarta ta tashi a banza. Shi ya juya ta."

"Baba fa?"

"Yana tsaye."

Muna nan muka ji tashin motocin. Sai ga Baba Ƙarami ya shigo tsakar gida, ya tsaya, ya cire hula, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaya Babba ta tafi!"

Gida ya cika. Masu ta'aziyya suna shigowa suna faɗin abu ɗaya: ta yi sa'ar 'yan'uwa, sun riƙe ta har ƙarshe, a zamanin nan wa yake riƙe yayarsa haka. Matar Baba Ƙarami tana amsawa, tana cewa ai ba a taɓa barin ta ta nemi wani abu ta rasa ba. Ba wanda ya tambayi abin da ya kai mai shanyewar jiki bayan banɗaki. Duk sun sani. Wasunsu ma sun taɓa cewa Baba Ƙarami ya iya dabara, da su ma suna da tsohuwa a gida da ba su yi saurin sa hannu ba.

Ana cikin zaman makoki jami'ar ta zo, babu hular kwano, ta yafa mayafi. Baba Ƙarami da kansa ya rako ta har wurin mata, Baba yana bayansu. Ta durƙusa a gaban Mama, idonta ya yi ja.

"Mama, ya haƙuri? Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Na gan ta tana barcinta lafiya, har na ce a raina ta samu sauƙi. Da na sani da na matsa an tafi da ita a motarmu a lokacin, wataƙila da an cece ta. Tun ranar ba na iya barci. Yaushe ta cika?"

"Bayan tafiyarku kaɗan," in ji Baba Ƙarami. "Ko kwanar titi ba ku sha ba."

Mama ta ɗago kai. Tun da aka yi rasuwar ba ta yi wa kowa doguwar magana ba.

"'Yata, je ki yi barcinki, ba ki da laifi," ta ce. "Kafin zuwanku ta cika. Gawa aka nuna miki."

Wata tsohuwa ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Baƙin ciki ne," in ji Baba Ƙarami da sauri, yana dariyar da ba ta fito ba. "Tun ranar ba ta san abin da take faɗa ba. Yaya, gaya musu."

Duk aka juya ga Baba. Mata sun fi ashirin a wurin, da baƙuwa, da matarsa, da 'yarsa. Ya dubi ƙaninsa, ya dubi Mama. Kalma ɗaya ake nema a bakinsa, ko e ko a'a, kuma a duk tsawon daminar nan kalma ɗaya ce ta gagare shi.

Ya gyara hularsa ya ce, "Bari in je, na bar baƙi a waje."